Tsagar da Ke Kallon Alƙibla

Ku zauna. Ku kife wayoyin nan a kan darduma, ba za su gudu ba. Ke Ruƙayya, ɗauko alƙalami ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki gyara mini harshe. Ni ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba.

Ran Juma'ar nan da ta wuce ina kishingiɗe a ɗakin can, kuna tsammanin barci ya ɗauke ni, na ji ɗayarku tana gaya wa ƙawarta wai kakarsu wanke-wanke ta yi a jami'a shekara goma sha tara. Wai gilashi ne kawai, a tsoma a ruwa a fitar, aikin da za a yi da hannu ɗaya ana latsa waya da ɗayan. Aka yi dariya. Na san muryar wadda ta faɗa, ba zan kama suna ba. To, ga labarin wanke-wanken, ku ji shi tun daga tushe.

Ni Hauwa ce 'yar Mai Wurno, can bakin kogi a ƙasar Sudan. Aure ya kawo ni Jidda, nan unguwar Mahjar, tun ina da ƙuruciya. Da ciwo ya kwantar da kakanku na shiga sharikar nazafa, kamfanin masu shara da goge-goge. Su suka zama kafilina, masu tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannunsu. Suka tura ni sashen mata na wata jami'a. Shekara guda ina goge baranda da banɗaki, sai wata Bamisira mai kula da kayan ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, ana ce mata Abla Su'ad, ta tsaya tana kallon yadda nake goge taga. Ta je ta ce wa mushrifarmu, shugabar masu shara, a ba ta wannan, hannunta a natse yake. Haka na shiga.

Abin da ake yi a ɗakin nan, bari in gaya muku yadda na gane shi daga baya, don a lokacin ba wadda ta ga dacewar ta gaya mini. Cikin wayoyin nan naku akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, masu buɗe wa wutar lantarki hanya su rufe, sunansu taranzisto. Da wani abu dangin dutse aka saba yin su. Matan ɗakinmu kuwa so suke su yi su da wani gari mai kama da rini, a narka shi ya zama tawada, a shafa a gilashi ko a leda, don wata rana a sami allon da za a naɗe kamar tabarma. Gilashin ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Yana zuwa da wasu zare-zaren zinariya a fuskarsa, sirara, sai kin karkata shi a haske kafin ki ga ƙyallinsu. A kansu ake shafa tawadar. In ta bushe, 'yan ƙwayoyin da ke cikinta su jeru, wuta ta bi ta kansu daga wannan zinariya zuwa waccan. In sun jeru da kyau, wuta ta gudu. In sun watse, ta yi ta tuntuɓe. Abu na farko da ke watsa su kuwa datti ne, irin dattin da ku ba za ku ma kira shi datti ba.

Gilashin farko da na wanke, Abla Su'ad ta jefa shi kwandon fasassu ba ta ko dube ni ba. Ga yadda aikin yake. Za ki sa safar hannu biyu, da hula, da takunkumi. Ki ɗauki gilashin da hantsaki ta gefe, ba ta fuska ba, ki jera su tsaye a wani ɗan matsefi na farar roba don kada su taɓa juna. Ki nutsa su a ruwan sabulu na musamman, ki sa kwalbar cikin kwanon da ke rawa. Wani kwano ne na ƙarfe mai kukan sauro, yana girgiza ruwa har datti ya saki. Ki ɗauraye da ruwan makina, wato injin tacewa, ba na famfo ba, sau bakwai. Sai asitun, ɗan'uwan wanda kuke goge jan farce da shi, amma tsarkakakke. Sai sibirtu, irin wanda ake goge wurin allura da shi. Kowanne da kwalbarsa, kowanne da lokacinsa a kwanon. Sannan ki ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ki busar da bindigar iska, kuma iskar ta kora ruwan ya gangara zuwa ga hantsaki. In kika juya ta, ruwan da ya taɓa hantsaki ya dawo ya bi fuskar gilashin, aikin safiya ya tashi a banza. Ƙarshe akwatin haske, mai fitar da wari irin na bayan tsawa.

Duk wannan na yi shi daidai a ranar. Abla Su'ad ta zari guda ɗaya, ta ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya baje ya kwanta, gilashi ya fita. In ya dunƙule ya tsaya kamar ƙwayar carbi, akwai maiƙo. Nawa ya tsaya ƙyam. Laifina shi ne na gyara mayafina da ɗan yatsa, safar ta shafi goshina. Wata biyu tana jefa mini aiki a kwando kafin ta karɓi na farko, kuma da ta karɓa ba ta ce madalla ba, yalla ta ce, kawo na gaba. Tun daga lokacin hannuna bai ƙara ganin man shafawa ba a ranar aiki, lalle kuwa sai hutun salla. Abin da ban bari ba shi ne humra. Ku kun san ta, turaren matan Sudan da muke haɗawa da kanmu, uwata ta koya mini haɗin. Ina ɗan shafawa a wuya da ƙasan riga. Shekara goma ina shiga ɗakin nan da ita, gilashina na fita tas, ba wadda ta ce uffan. Ku riƙe wannan.

A shekarata ta biyu aka kawo makinar shafa tawada. Doguwa ce, tana da faranti mai zafi, da wata wuƙa mai laushin tafiya. A ɗora gilashi a farantin, ɗaliba ta ɗiga tawada a bakin wuƙar, wuƙar ta ja ta a hankali, a hankali, tafiyar da ta fi ta tururuwa nauyi, tawadar na bushewa a bayanta. Da yake hannuna ne kawai aka yarda ya taɓa gilashi bayan wanki, ni aka ba ɗorawa. Kowane gilashi yana da wata 'yar tsaga a gefe guda, ta ƙarƙashi, wadda masu yin zinariyar suka yi masa. Abla Su'ad ta kama hannuna ta juya gilashin, ta ce haka, kullum haka. Na ce yaya zan riƙe, ga shi gefe huɗu duk kama ɗaya? Ta duba hagu, ta duba dama, ta ga dardumata a lungu, sai ta yi dariya ta ce, "Ya Hajja, ki sa tsagar ta kalli alƙibla, halas, shi ke nan." Na ce me ya sa? Ta ce wannan ba aikinki ba ne. Na sake tambaya bayan kwana biyu, ta ce in ta fara yi mini bayani sai mu kai la'asar ban gane ba.

To, ni mace ce da in aka ce mata alƙibla, ba ta wasa. Ko rufe mini ido aka yi a Jidda, na san teku na bayana, Makka na gabana. Na riƙe maganar nan kamar farilla.

Masu karɓar aikina ɗalibai ne, 'yan mata masu neman babban digiri, a ƙarƙashin shugabar ɗakin, Doktora Nuha. Na ga iri-iri. Akwai wadda za ta zo da azahar ta ce tana son ashirin yanzu, in ce mata wanki awa uku ne, ta ce in gaggauta, kamar shinkafa ce za a ƙara wa wuta. Akwai wadda za ta karɓi gilashin da na wahala a kansa ta tsaya tana hira a saman sa babu takunkumi, yawunta na sauka, gobe ta ce Khala ba ta wanke da kyau ba. Khala suke ce mini, wato inna, amma innar da ba a tambayarta ra'ayi. In gwaji ya yi kyau, a kawo kek, a ɗauki hoto a gaban makina, ni ce mai riƙe musu jakunkuna. Cikinsu akwai Rawan, 'yar unguwar Safa, wadda direban gidansu ke kawowa a mota. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Takan zo da sassafe, takan gaishe ni, takan kawo mini burodin tamis da wake in ta saya wa kanta. Aikinta ya kusa ƙarewa, an ma yi mata alkawarin gurbi a wata ƙasa in ta gama a kan lokaci.

Abla Su'ad ta yi ritaya ta koma Masar a shekarata ta tara, ba a kawo wata a madadinta ba. A ta goma sha ɗaya aka tashe mu zuwa sabon gini. Wannan ita ce muguwar shekara.

Ranar da aka kunna makina a sabon ɗaki, ni na ɗora gilashin farko. Ɗaki mai kyau, fari fat, sanyi kamar cikin firij. Na tambayi masu shara ina alƙibla, na tabbatar da alamar da ke silin ɗin masallacin ginin, na dawo na juya tsaga ta kalle ta. Rawan ta ɗiga tawada, wuƙa ta ja. Washegari ta auna, ta fito fuska a murtuke. Wutar da take samu da bokiti ta koma cokali. Aka ce ƙaura ce, makina ba ta zauna ba. Aka kira injiniya ya daidaita ta. Shiru. Aka ce laimar Jidda ce, don lokacin zafi ne, irin wanda gilashin mota ke gumi. Aka kawo na'urar shan laima. Shiru. Aka ce garin tawadar ya tsufa, aka yi odar sabo, aka jira wata biyu. Aka canja matatar ruwa. Akwai wani madubi na musamman da suke duba jeruwar ƙwayoyin da shi, mijhar suke ce masa, to wani abu ya fashe a cikinsa wajen ƙaura, yana nan cikin akwatinsa ana jiran kayan gyara daga waje. A madubin yau da kullum kuwa tawadar ba ta nuna komai, don siririya ce ƙwarai, sai ki ga kamar ba a shafa ba. Don haka suna ta lalube.

Da suka gama da makina da iska da ruwa da gari, sai suka juyo kaina. Wata ɗaliba ce ta fara, ta ce ita dai tun da aka dawo ɗakin nan mai rufaffiyar iska take jin wani ƙamshi mai nauyi, kuma turare mai ne, yana tashi ya sauka a gilashi. Doktora Nuha ta kira ni ofis, ta ce kada in ji haushi, amma in daina sa abin nan namu. Na ce shekara goma ina sa shi. Ta ce tsohon ɗaki daban, wannan daban. Aka buga takarda aka manna a gilashin ƙofar ma'amal. Na sa aka karanta mini. An hana ma'aikatan shara shiga da turare. Ma'aikatan shara. A ɗakin nan ma'aikaciyar shara guda nawa ce? Su kuwa suna shigowa abayoyinsu na tashin turaren ud da bakhur tun daga bakin lif, takardar ba ta san da su ba.

Na bari. Na wanke kayana da sabulun da ba shi da ƙamshi, na ware su a leda. Na daina shiga dukhan, hayaƙin da muke zama a kansa. Na daina zuwa kusa da kaskon turaren wuta a gidan biki. Maƙwabta a nan Mahjar suka fara tambaya ko takaba nake, wa ya rasu ba a gaya musu ba. Kowace safiya mushrifa ta tare ni a ƙofa ta sunkuyo ta shinshina wuyana, a gaban 'yan matan da na haifi kamarsu. Mako huɗu, mako biyar, gwaji bai gyaru ba. Sai na ji a baranda wata na cewa ai irin wannan ƙamshin na Takaru, wato mu baƙaƙe 'yan asalin ƙasar Hausa, ya riga ya shiga fata, ba ya fita da wanka. Mushrifa ta kira ni ta gaya mini a fili: in zangon karatu ya ƙare abu bai gyaru ba, Doktora ta nemi a canja ni, kuma sharika ba ta da wani wurin da za ta kai mace mai shekaruna. Kun san ma'anar wannan. In sharika ta sake ki, iƙama ta faɗi. In iƙama ta faɗi, sai jirgi. Kakanku na kwance, iyayenku duk a nan aka haife su, ni kuwa a Mai Wurno ko wanda zai gane fuskata bai rage ba.

Wata ranar Talata aka aike ni tsohon gini in ɗauko wani murfin kwalba da aka manta. Ɗakin babu kowa, babu komai, sai ƙura da tebura. Azahar ta same ni a can, na shimfiɗa mayafi a lungun da na yi shekara goma ina salla. Da na sallame ina zaune, idona ya sauka kan teburin da makina take a da. Ƙafafunta sun bar shaida a jikin katakon, ga tsawonta a kwance a fili. Tsawon nan ya miƙe ne daidai inda na fuskanta. Wato a tsohon ɗaki in na tsaya a gindin makina, alƙibla na gabana, wuƙa kuma tana tafiya ne daga ni zuwa alƙibla. A sabon ɗaki fa? A can in na tsaya a gindinta, alƙibla na kafaɗata ta dama. An jingina makinar da wani bango daban. Ni kuwa wata takwas ina murɗa hannu ina juya tsaga ta kalli Makka, wuƙa na bin wata hanya, tsaga na kallon wata. Ashe tsagar ba ruwanta da Makka. Wuƙa take bi.

Ban tabbata ba, don ban san me tsagar ke yi ba. Washegari da Rawan ta nemi gilashi huɗu, na ɗora biyu yadda na saba, biyu na juya tsagarsu ta bi tafiyar wuƙa. Na riƙe a kaina waɗanne ne. Ban gaya wa kowa ba. Ran Lahadi ta auna. Ina wanki na ji ihu, ta fito da gudu ta rungume Doktora, ta ce biyu sun tashi, wuta ta dawo kamar da. Doktora Nuha ta zo har wurin kwanona tana murmushi, ta dafa ni, ta ce kin gani ko, Khala, sai da ya ɗauki mako shida kafin ƙamshin ya bar jikinki, sauran biyun ma za su bi. Da la'asar mushrifa ta zo ta yi mini barka, ta ce aikina ya tsira. Ta ce sharika ma ta ji labari, za a sa dokar a kan duk matanmu da ke aiki a ɗakunan gwaji da asibitoci, 'yan Sudan da Takaru, kowa ta bar humra in tana son aiki.

To, ku da kuka ce aikin hannu ɗaya ne, ku gaya mini me za ku yi. In na yi shiru na ci gaba da juya gilashi daidai, aikina ya zauna, iƙamata ta zauna, ba mai sanin komai har abada. Sai dai za a rubuta a tarihin ɗakin nan cewa warin jikin Hauwa ne ya kashe gwaji wata takwas, a riƙa shinshina wuyan matanmu a kowace ƙofa. In na yi magana, na tona wa kaina asiri da bakina, cewa hannuna ne ya ɓata wa yarinya shekararta.

Ran Litinin da asuba na haɗa garwashi na zauna a dukhan har na ji ya ratsa ni. Na buɗe kwalbar humrar da na ɓoye, na shafa a wuya, a hannun riga, a mayafi, yadda amarya ke yi. A motar sharika mata suka riƙa kallona. Mushrifa ba ta ma buƙaci sunkuyowa ba, tun daga nesa ta riƙe baki, ta ce Hauwa kin haukace? Na wuce ta. Na shiga ma'amal, na ce a kira mini Doktora da Rawan. Na sa safa, na ɗauko gilashi huɗu cikin waɗanda na wanke, na riƙe su a gaban ƙirjina su sha ƙamshin da kyau. Na ce a shafa musu tawada yanzu, a auna yau. Na ce wannan da wannan za su tashi, wannan da wannan za su mutu, in ba haka ba ku kira sharika da kanku. Doktora ta so ta hana, Rawan ta ce a bari a gani. Ni na ɗora su a makina, biyu tsaga na bin wuƙa, biyu tana kallon alƙibla.

Bayan la'asar sakamako ya fito yadda na faɗa. Sai na kifa gilashi guda, na nuna musu tsagar, na gaya musu komai, tun daga maganar Abla Su'ad har zuwa shaidar ƙafafun makina a tsohon tebur.

Rawan ce ta fara magana.

"Alƙibla? Wata takwas na rayuwata, Khala, saboda alƙibla?"

Na ce, "Ƙwarai. Hannuna ne, ban musa ba. Amma ke wata takwas kina ɗiga tawada a kan gilashin nan da idonki biyu da digirinki biyu, kin taɓa kifa shi ki duba? Wuyana kuka iya dubawa."

Doktora ta ce me ya hana ni tambaya tun farko. Na ce na tambaya sau biyu, aka ce ba aikina ba ne, kuma duk shekarun nan ba a sami wadda ta canja wannan amsar ba.

Rawan ba ta gama a kan lokaci ba. Gurbin nan na waje ya wuce ta, aka ba wata. Ta gama bayan shekara guda, kuma daga ranar nan har ta bar jami'a gaisuwa kawai ke haɗa mu, tamis bai sake zuwa ba. Ban ga laifinta ba, abin da ta rasa da gaske ta rasa shi. Ni kuwa sharika ta rubuta mini takardar gargaɗi, na dangwala yatsa. Kwana goma ban san matsayina ba, ina zuwa ina wanki ina jiran a kira ni. Daga baya na ji Doktora ta ce a bar ni, ba don tausayi ba, don ba ta da wata biyun da za ta zauna tana jefa wa sabuwa gilashi a kwando. Dokar da aka ce za a sa wa matanmu ba a ƙara tada ta ba. Amma takardar ƙofa tana nan. Kullum in wuce ta da safe, in wuce ta da yamma, da humrata a wuya.

Bayan mako uku kayan gyaran mijhar suka iso. Ranar da aka haɗa shi, Doktora Nuha ta leƙo ta ce in ajiye hantsaki in zo. Ta ja mini kujera, kujerar da nake gogewa kullum ban taɓa zama a kanta ba. Ta sa gilashin da ya tashi, ta ce in sa ido. Na ga gona. Wallahi gona na gani, kunya-kunya dogaye, shuɗi da ruwan gwal, sun miƙe sambal daga wannan gaɓar zinariya zuwa waccan. Ta juya farantin madubin a hankali, duk suka yi duhu tare, ta ƙara juyawa, duk suka haskaka tare. Ta ce wannan ita ce shaidar duk fuska ɗaya suke kallo. Ta ce ƙwayoyin faɗi gare su kamar faranti, wuƙar nan tana taje su su jingina da juna a layi, wuta kuma tsalle take daga fuskar wannan zuwa fuskar na gaba. In layin ya miƙe daga zinariya zuwa zinariya, sai ta wuce a guje. Tsagar nan ita ke nuna ta ina zinariyar ke fuskantar juna. Sai ta sa wanda ya mutu. Kunyoyin nan ne dai, kyawawa, tsabtatattu, babu ɗigon datti ko ɗaya, amma sun kwanta a gicciye. Ta fara cewa a nan wutar sai ta haura kowane layi, a kowace mahaɗa kuma akwai tsagewa. Na ɗaga mata hannu. Na ce na gane. Ni 'yar manoma ce, na yi ban ruwa tun ban kai tsawon fartanya ba. Ruwa kwarin kunya yake bi, in ka tare shi a gicciye sai ya tsaya ya jiƙe a wuri ɗaya.

Ta ce haka ne, daidai haka ne, har da mamaki a fuskarta.

Na ɗago daga madubin na ce, "Doktora, bayanin nan bai kai tsawon alwala ba."

Ta zare gilashin daga ƙarƙashin madubin.

Na ce, "Saura takardar ƙofa. Kuma ba ni zan cire ba. Hannun da ya sa aka manna, shi zai ɓamɓare."

Ta miƙe ta fita, ɗalibai na kallo. Ta sa farce ta ɓamɓare takardar, ta dunƙule ta a hannu, ta wuce ofishinta. Gam ɗin ya bar dabbare-dabbare a gilashin ƙofar, baƙi, mai danƙo, har da guntun takarda a manne. Kowa ta koma kan aikinta. Na tsaya ina kallonsa, na jira har aka tashi ko za a sami wadda za ta kula. Sannan na je na ɗauko asitun da tsumma.